Yawon gonakin inabi a Afirka ta Kudu: abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga mota

A ce taro ko karatu ko kasuwanci ya kai ka birnin Cape Town. Ana gobe za a watse, sai masu masaukinku suka ce an tanadi mota, za a kai baƙi gonakin inabi su wuni, su ci abinci, su sha iska. Kai kuwa iyakar saninka da inabi shi ne wanda ake sayarwa a gefen titi kusa da tuffa da lemo. Kafin ka ce "to", yana da kyau ka san irin wunin da aka shirya maka, domin inabin da za a kai ka gani ba na ci ba ne, na giya ne.

Mene ne wannan yawon?

Wani nau'in yawon buɗe ido ne da ake yi a ƙasashen da ke noman inabi don yin giya, kamar Faransa da Italiya da jihar Kalifoniya ta Amurka da Afirka ta Kudu. Baƙo yakan ziyarci gona biyu zuwa huɗu a rana guda. A kowace gona za a zuba masa giya iri-iri kaɗan-kaɗan ya ɗanɗana, a yi masa bayanin kowacce, da rana kuma a zauna cin abinci a ɗaya daga cikin gonakin.

Kada kalmar "gona" ta sa ka zaci fili ne da bukka. Yawancinsu suna da masana'antar matse inabi, da rumbun ajiya, da ɗakin karɓar baƙi, da gidan abinci, da kanti, wasu har da masauki da lambun furanni. Manufar mai gonar a fili take: ka ɗanɗana, ta yi maka, ka sayi kwalabe ka tafi da su. Duk kyan wurin da tarbar da za a yi maka a kan wannan cinikin aka gina su.

Akwai kuma wata kalma da takan rikita mutane. A Hausa "ruwan inabi" yana iya nufin ruwan da aka matse bai fara tsami ba, wanda yaro ma zai sha, yana kuma iya nufin giyar. A nan, duk inda ka ga "giyar inabi" ana nufin mai sa maye, "ruwan inabi" kuwa marar maye.

Ina ne wurin, kuma yaya aka yi inabi ya je can?

Garuruwa uku ne suka fi suna: Stellenbosch, mai nisan kusan kilomita 50 gabas da Cape Town, da Paarl, da Franschhoek da ke can cikin wani kwari tsakanin duwatsu. Tafiyar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka a mota. Akwai kuma Constantia, wadda ke cikin birnin Cape Town ɗin kansa.

Turawan Holan ne suka kawo itacen. Jan van Riebeeck ya sauka a wurin a 1652 domin kafa zangon da jiragen ruwan kamfaninsu za su riƙa ɗibar ruwa da abinci a kan hanyarsu ta zuwa Asiya, kuma a ranar 2 ga Fabrairun 1659 aka matse giyar farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kuma kafa gonar Constantia a 1685. A 1688 wasu Faransawa mabiya ɗariƙar Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini a ƙasarsu suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato "lungun Faransawa". Shi ya sa har gobe gonaki da yawa a can sunayen Faransanci gare su.

Yanayin wurin ne ya karɓi itacen. Ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafi kuma busasshe ne, ga iska mai sanyi da ke tasowa daga teku. Yau Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashe goma da suka fi yin giyar inabi a duniya. Shi kuwa yawon kansa bai daɗe haka ba: a 1971 ne wasu masu gonaki a Stellenbosch suka haɗu suka tsara hanyar da baƙi za su riƙa bi daga gona zuwa gona, wadda ita ce ta farko a ƙasar.

Yaya inabi yake zama giya?

Idan ka taɓa barin kunu ya kwana biyu ka ga ya fara kumfa yana tsami, to ka ga farkon abin. Inabi cike yake da sukari. Idan aka matse shi aka bar shi da yisti, wato irin ƙwayar da ke sa ƙullin burodi ya kumbura, sai yistin ya cinye sukarin ya mayar da shi abu biyu: iskar da ke fita a matsayin kumfa, da sinadarin da ke sa maye. Haka ake yin burukutu ma, sai dai ita da dawa ake yi. Giyar inabi takan ƙunshi kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari na wannan sinadari, wato ta ninka giyar kwalba ta yau da kullum sau biyu zuwa uku a ƙarfi.

Za ka ga fara da ja. Ruwan yawancin inabi, ko da baƙi ne, ba shi da launi sosai. Launin yana cikin ɓawo. Idan aka bar ruwan ya jiƙu tare da ɓawon baƙin inabi sai a samu ja, idan aka raba su da wuri sai a samu fara. Daga ɓawon da ƙwallon ne kuma ake samun wani sinadari da ake kira tanin, mai sa baki ya ɗaure. Duk wanda ya taɓa tauna goro ko ya sha shayin da ya daɗe a wuta ba madara ya san wannan ɗaurewar.

Bayan haka wasu giyoyin akan zuba su a gangunan katako su yi watanni, wani lokaci fiye da shekara. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin lita 225, kwatankwacin kwalabe 300. Idan aka zagaya da ku rumbun ajiya, waɗannan gangunan za ka gani jere cikin sanyi da duhu. Shekarar da ke jikin kwalba kuwa shekarar da aka girbe inabin ce, ba ranar lalacewa ba.

Me ake yi a ɗakin ɗanɗano?

Yawancin gonaki sukan buɗe da misalin ƙarfe 10 na safe su rufe wajen 5 na yamma. Za a zaunar da ku a tebur, sau da yawa a waje ƙarƙashin inuwar bishiya, a jera wa kowa kofunan gilashi masu dogon wuya. Ma'aikaci zai zo da kwalabe biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, ya zuba kamar cokali biyu ko uku na cin abinci a kowane kofi. Akwai tsari: fara kafin ja, marar nauyi kafin mai nauyi, mai zaƙi a ƙarshe, don kada mai ƙarfi ta danne ɗanɗanon ta bayanta.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne yadda masu abin suke yi da kofin. Sukan riƙe shi ta wuya don kada zafin hannu ya ɗumama abin da ke ciki. Su ɗaga shi su dubi launi, su juya shi a hankali ruwan ya zagaya, su cusa hanci su shaƙa, sannan su kurɓa su wana a baki. Juyawar tana sa iska ta shiga ƙamshin ya tashi. Daga nan sai ka ji ana cewa wannan tana ƙamshin gwaiba, waccan tana ƙamshin barkono ko hayaƙi. Ba a zuba gwaiba ko barkono a ciki ba, kwatance ne kawai, irin yadda mai sayar da turare zai ce maka wannan yana da sanyi wancan yana da kauri. Idan kuma ka ji an ce giya "busasshiya" ce, ana nufin yisti ya cinye sukarinta ba ta da zaƙi.

Tunda an ambaci turare: a irin wannan ɗaki ba a son mai ƙamshi mai ƙarfi, domin yana hana na kusa da shi jin ƙamshin abin da ke kofinsa. Mu da ba ma fita sai mun feshe riga da hula, wannan abin lura ne.

A kan tebur za ka ga wani ɗan bokiti. Na tofarwa ne. Ƙwararru ba sa haɗiye abin da suka kurɓa, tofar da shi suke yi, kuma ba a ɗaukar hakan rashin ladabi. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Kofi biyar a gona uku ya zama goma sha biyar, kuma ko da mililita 30 aka zuba a kowanne, an tashi da 450, fiye da rabin kwalba mai mililita 750. Gaskiyar magana ita ce yawancin 'yan yawon buɗe ido ba sa tofarwa, shi ya sa motar da ta fita shiru da safe takan dawo da surutu da yamma.

Sunaye biyu za ka yi ta ji. Chenin Blanc farin inabi ne, kuma shi aka fi shukawa a ƙasar. Pinotage kuwa baƙi ne, ɗan gida: wani malamin jami'ar Stellenbosch mai suna Abraham Perold ne ya samar da shi a 1925 ta hanyar haɗa irin inabi biyu na Faransa.

Abincin fa?

Ga mutane da yawa abincin ne ma ya fi giyar jan hankali, kuma Franschhoek ta yi suna da gidajen abinci. Iri uku za ka tarar. Akwai faranti ko katako da ake jera cuku da burodi da zaitun da busasshen nama a kai, a ci tare da ɗanɗanon. Akwai kwandon abinci da za a ba ku ku shimfiɗa bargo a kan ciyawa, wanda gonaki irin su Boschendal da Spier suka shahara da shi. Sai kuma babban zama, inda ake kawo abinci kashi-kashi, wani lokaci kashi shida ko fiye, kowanne ɗan mitsitsi a tsakiyar babban faranti. Wanda ya saba da malmalar tuwo zai ga kashin farko ya zaci wasa ake yi, amma kafin a kai na ƙarshe ya ƙoshi. Irin wannan zama yakan ci awa biyu zuwa uku.

A babban zaman akan haɗa kowane kashi da giyar da aka ce ta dace da shi: fara da kifi ko kaza, ja da jan nama, mai zaƙi da kayan zaƙi. Wannan haɗin kuɗinsa daban ne, kuma ba dole ba ne. Kana iya cin abincin ba tare da shi ba.

Idan ba na shan giya fa?

Ga Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, kaɗan ɗinta da mai yawanta haram ne, kuma bokitin tofarwa bai sauya wannan ba. Malamai suna kuma kawo hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka tambayar ba ta tsaya ga "zan sha ko ba zan sha ba", ta haɗa da ko za ka je ma tun farko. Wannan shawara ce da ya kamata ka yanke tun kana masauki, ba sai an ajiye kofi a gabanka ba. Idan ka ce ba za ka ba, babu wanda zai ga baƙon abu: Cape Town gari ne mai ɗimbin Musulmi, mutanen wurin sun saba da wanda ba ya sha. Haka ma Kirista ko wani da ba ya sha saboda aƙida ko lafiya ko juna biyu.

Idan kuwa tafiyar ta zama dole, ko ka zaɓi ka ga wurin ba tare da zama a teburin ɗanɗano ba, akwai abin yi. Gonar Babylonstoren tana da babban lambun 'ya'yan itatuwa da ganyaye da mutane ke biyan kuɗin shiga don shi kaɗai. Groot Constantia tana da gidan tarihi a tsohon gidan gonar. Garin Stellenbosch kansa yana da tsofaffin gine-gine farare da titunan da bishiyoyi suka yi wa rumfa, akwai kuma masallaci a cikinsa. Abin sha marar maye ba ya wuya: ruwan inabi zalla, da Grapetiser da Appletiser masu kumfa, da shayin rooibos, wani jan shayi da ake nomawa a ƙasar.

Wurare uku ne mutum kan faɗa ba da saninsa ba. Na farko, kwalbar da aka ce an cire mata maye. Giya ce aka yi ta sosai sannan aka zare sinadarin, kuma takan rage da ɗan kaɗan, har zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ba ɗaya take da ruwan inabin da bai taɓa tsami ba. Na biyu, girki: a irin waɗannan gidajen abinci akan zuba giya a miya da romon nama da kayan zaƙi, kuma dafawa ba ta kore ta gaba ɗaya. Na uku, yankakken naman da ke kan katakon cuku sau da yawa na alade ne. Ka tambaya kai tsaye ko akwai giya ko alade a abin da za a kawo maka. Ba kunya a ciki, kuma ma'aikatan sun saba da tambayar.

Gidan abincin da ke sayar da giya ba kasafai yake da takardar shaidar halal ba, ko da naman da ya saya na yankan Musulmi ne. Kifi da ganye sun fi sauƙin sha'ani. In kana son cin nama hankali kwance, ka bari sai kun koma birni: unguwar Bo-Kaap, inda masallacin Auwal da aka kafa a 1794 yake, tana da gidajen abincin Musulmi.

Nawa ake kashewa?

Kuɗin ƙasar sunansa rand. Farashi yana sauyawa daga gona zuwa gona, amma a 'yan shekarun nan ɗanɗanon giya biyar ko shida a yawancin gonaki yakan kama kusan rand 100 zuwa 200 ga mutum ɗaya. Wasu gonakin sukan yafe wannan kuɗi idan ka sayi kwalabe. Kwandon abinci ko abincin rana na yau da kullum 'yan ɗaruruwan rand ne, babban zama a shahararren gida kuwa yakan haura rand 1,000 ga kowane mutum tun kafin a sa abin sha. Ana kuma sa ran tukuicin kashi 10 cikin ɗari ko sama da haka ga wanda ya yi muku hidima, kuma idan kuna da yawa akan sa shi a cikin takardar kuɗin, don haka ka duba kafin ka ƙara.

Sai kuɗin mota. Dokar ƙasar ta hana tuƙi idan sinadarin maye a jini ya kai giram 0.05 a kowace mililita 100, abin da kofi ɗaya ko biyu kan iya kai mutum. Shi ya sa baƙi ke ɗaukar direba ko su bi motar kamfanin yawo. A Franschhoek akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da motocin safa da ke zagaya gonaki tun 2012, ka sauka inda kake so ka hau na gaba. Idan kuwa abokan tafiyarka suka ce kai da ba ka sha sai ka tuƙa su, ka tuna cewa a can ta hagun titi ake tuƙi, ba dama irin na Najeriya da Nijar ba. Doka ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 giya ba, ko da yake gonaki da yawa suna karɓar iyali da yara.

Su wa suke aikin gonar?

Wannan ne ɓangaren da ba kowane mai zagayawa da baƙi ke daɗewa a kai ba. Bayi ne suka kafa waɗannan gonaki da guminsu. Kamfanin Holan ya kawo su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya, kuma ba a soke bauta a can ba sai 1834, aka kuma tilasta musu ƙarin shekara huɗu suna yi wa iyayen gijinsu aiki. A wasu tsofaffin gonaki har yanzu za ka ga ƙararrawar da ake kaɗa musu ta fita aiki tana rataye a farar hasumiya, baƙi suna ɗaukar hoto a gabanta.

Musulunci ma ta wannan hanya ya shiga yankin, tare da bayi da waɗanda Turawan suka koro daga ƙasashensu. Shehu Yusuf na Makassar, malamin da ya yaƙi Holan a Indonesiya, an kawo shi a 1694 aka ajiye shi a gonar Zandvliet, kusa da inda kogin da ya ratsa Stellenbosch yake shiga teku. A can ya rasu a 1699. Hubbarensa yana nan a wurin da yanzu ake kira Macassar, kuma ba shi da nisa daga hanyar da za ku bi.

Bayan bauta sai aka shiga wani tsari da ake kira dop, inda ake biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, a ba su safe da rana da yamma. Doka ta hana shi tun shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Illarsa ba ta gushe ba. Yankin yana cikin wuraren da aka fi samun yaran da aka haifa da tawayar ƙwaƙwalwa da ta jiki saboda uwa ta sha giya tana da ciki. A 2012 leburorin gonakin yankin, farawa daga garin De Doorns, sun yi yajin aiki suna neman a ɗaga ladan yini daga rand 69 zuwa 150, gwamnati ta tsayar da shi a 105 a shekarar da ta biyo. An samu sauyi tun daga lokacin, akwai baƙaƙen fata da suka zama ƙwararrun masu haɗa giya da masu kamfanoni, amma mafi yawan filayen har yanzu suna hannun fararen fata.

Yaushe ake zuwa, kuma me zan riƙe?

Lokutansu akasin na Turai ne. Zafi yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma a lokacin ne baƙi suka fi yawa, sai an kama wuri a gidan abinci tun da kwanaki. Girbi yakan faɗo daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu, lokacin da za ka ga ana tsinkar inabi ana kai shi wurin matsa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa sanyi ne da ruwa, itatuwan sun zubar da ganye sun zama ƙirare, amma masauki ya fi araha.

Ka sa takalmin da za ka iya taka tsakuwa da shi, ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta buɗe, domin iskar yamma tana da kaifi. Idan ranar Juma'a ce, ka faɗa wa direba tun da safe cewa kana son a sauke ka a masallaci a Stellenbosch ko Paarl. Idan kuma wani ne ya shirya tafiyar, ka sanar da shi tun ana gobe tafiyar abin da ba ka ci da abin da ba ka sha, don ya gaya wa gidan abincin kafin ku isa.